Shekarar 2021 a Barbados, da Ayyukan da Muka Ce Sai an Samu Sarari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata ƙasa da ke nesa da mu ƙwarai, wadda na san da yawa daga cikin masu karatu ba su taɓa neman ta a taswira ba. Ni tsohon malamin tarihi ne, na yi shekaruna ina koyarwa a makarantun sakandare na jihar nan har na yi ritaya, kuma tun da na ajiye alli babu amsar da na fi ji kamar "sai an samu sarari." Duk lokacin da na tayar da zancen tsofaffin takardun da ke ruɓewa a gidajen malamai, ko ganuwar da ake ta ci da gine-gine, ko dattawan da ke rasuwa da labarai a bakinsu, amsar ke nan: ana fama da rashin tsaro da tsadar rayuwa, a bari ƙura ta lafa. Ban raina wannan uzuri ba, domin ni ma a cikin ƙurar nake. Sai dai ina so in ajiye wa mai karatu shekara guda daga rayuwar tsibirin Barbados, wato 2021, ya duba da idonsa yadda wasu mutane suka yi da nasu rashin sararin.

Barbados tsibiri ne a gabashin yankin Karebiyan, faɗinsa murabba'in kilomita 430, tsawonsa kuwa kimanin kilomita 34, wanda bai kai rabin tafiyar Katsina zuwa Daura ba. Mutanensa ba su cika 300,000 ba, birnin Katsina kaɗai ya fi su yawa, kuma mafi rinjayensu jikokin mutanen da aka kwasa ne daga Afirka ta Yamma. Jirgin Ingilishi ya sauka can a 1625, suka kafa mazauni a 1627, ba a daɗe ba suka mayar da tsibirin gonar rake. A 1661, lokacin da Wali Ɗan Masani yake raye yana karantarwa a nan Katsina, majalisar Turawan tsibirin ta rubuta dokar bayi wadda ta ɗauki ɗan Adam a matsayin kadara, kuma daga baya Jamaika da wasu yankunan Amurka suka kwafe ta. Ƙasar ta samu 'yancin kai ranar 30 ga Nuwamba 1966 a ƙarƙashin Errol Barrow, amma Sarauniyar Ingila ta ci gaba da zama shugabar ƙasa, da gwamna janar yana wakiltar ta.

Shekarar 2021 ta same su a jigace. Tun a 2018 gwamnatin Firaminista Mia Mottley ta tarar da bashin da ya haura kashi 150 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, har ta dakatar da biya, ta zauna da masu bin ta bashi aka sake lale, ta kuma shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ana cikin wannan jinya sai annobar korona ta tsayar da jirage, alhali baƙi masu yawon buɗe ido su ne hatsin rumbun ƙasar. A watan Fabrairu aka kulle ƙasa saboda cutar ta yi ƙamari. A cikin watan ne Indiya ta ba su kyautar allurar rigakafi guda 100,000, kuma abin da ya burge ni shi ne ba su riƙe duka ba, sun ɗiba sun aika wa wasu maƙwabtansu.

Ranar 9 ga Afrilu dutsen La Soufrière da ke tsibirin Saint Vincent ya yi aman wuta. Tazarar da ke tsakanin tsibiran biyu ta yi kusa da ta Katsina zuwa Kano, amma iska ta kwaso tokar ta juye a kan Barbados, rana ta koma kamar magariba, aka rufe filin jirgin sama na kwanaki, toka ta lulluɓe gonaki da rufin gidaje da magudanun ruwa. Mu da muka san hazon hunturu muna iya kwatanta duhun, sai dai tokar dutse tana da nauyi da kaifi, tana cin injina, kuma idan ruwa ya taɓa ta takan daskare kamar siminti. Ba su gama share ta ba, ranar 2 ga Yuli mahaukaciyar guguwa mai suna Elsa ta faɗa musu, irin wadda rabon da su ga kamarta tun guguwar Janet ta 1955, ta yaye rufi, ta lalata gidaje fiye da dubu. Babban bikinsu na shekara, wanda suke kira Crop Over, shi ma aka soke shi shekara ta biyu a jere. Asalin bikin murnar kammala yankan rake ne tun zamanin bauta, kusan kamar kalankuwa a wurinmu, ya mutu a shekarun 1940, aka farfaɗo da shi a 1974, kuma maɗinka da makaɗa da masu sayar da abinci da yawa da shi suke cin shekara. Wanda ya ga yadda garin nan yake yin shiru a shekarun da aka dakatar da hawan salla, da yadda masu kayan doki da 'yan algaita suke komawa gida hannu rabbana, ya san abin da nake nufi.

Mu ma a wannan shekara ba a kan tabarmar hutu muke ba. Watanni kaɗan ke nan da sace ɗaliban Ƙanƙara, kuma a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, aka rufe kasuwannin dabbobi da dama. Ba na kwatanta toka da jini, wahalarmu ta fi tasu ɗaci nesa ba kusa ba. Abin da nake cewa kawai shi ne, idan akwai ƙasar da ke da hujjar cewa a ɗage komai sai baɗi, to Barbados tana da ita a 2021.

Ba su ɗage ba. Tun a watan Satumba na 2020 gwamnati ta sanar cewa ƙasar za ta zama jamhuriya kafin cikarta shekara 55 da 'yanci, kuma ta tsaya a kan wa'adin. A ƙarshen Satumba na 2021 majalisar wakilai ta amince da gyaran tsarin mulki, majalisar dattawa ta bi baya a farkon Oktoba, sannan ranar 20 ga Oktoba majalisun biyu suka zaɓi Sandra Mason, tsohuwar alƙaliyar kotun ɗaukaka ƙara kuma gwamna janar mai ci, ta zama shugabar ƙasa ta farko, bayan firaminista da jagoran adawa sun gabatar da sunanta tare. Tsakanin wannan zaɓe da ranar rantsuwa, Mottley ta tafi taron sauyin yanayi na Glasgow, ta tsaya a gaban shugabannin manyan ƙasashe ta ce musu ƙarin ɗumin duniya da digiri biyu hukuncin kisa ne ga mutanen tsibirai irin nata da na ƙasashe irin su Kenya da Mozambik, ta kuma tuna musu alkawarin kuɗin da suka ɗauka ba su cika ba. A wurin taron ne Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙi mai ɗumama duniya da take fitarwa da wanda take kawarwa daga iska nan da 2060. Da na saurari jawabin matar nan sai ambaliyar Jibiya ta 2018 ta faɗo mini a rai, na ji kamar har da mu take yi wa magana, ko da yake ba ta ambace mu ba.

Da tsakar daren 29 ga Nuwamba, wayewar 30, a dandalin jarumai da ke Bridgetown, babban birnin ƙasar, aka sauke tutar Sarauniya aka naɗe ta, aka rantsar da sabuwar shugaba, aka harba igwa 21. Shekara 396 ke nan da saukar jirgin farko. Rabon da wata ƙasa ta cire Sarauniya daga shugabancinta tun Mauritius a 1992, kuma Barbados ba ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ba. Yarima Charles, wanda yanzu shi ne sarki, yana zaune a wurin, ya kuma miƙe ya ambaci bauta a matsayin mummunan zalunci da ya bar tabo a tarihinsu har abada. Bai nemi gafara ba, kuma akwai 'yan ƙasar da suka ce tun farko bai kamata a gayyace shi ba. Ina ganin hujjarsu tana da ƙarfi idan aka tuna cewa lokacin da Birtaniya ta soke bauta da dokar 1833, fam miliyan 20 ta ware ta biya iyayengijin bayi diyya, su kuwa bayin, waɗanda a Barbados kaɗai sun haura 80,000, ko anini ba a ba su ba, aka ma tilasta musu ci gaba da aiki har zuwa 1838. Duk da haka, a ganina ba ƙaramin abu ba ne magajin gadon sarautar da ta ci ribar raken ya faɗi wannan kalma da bakinsa, a ƙasar da aka rubuta dokar 1661, jikokin bayin suna zaune a kujerun mulki suna sauraro.

Dole in faɗi inda ban gamsu ba. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba. Maganar jamhuriya ta daɗe a ƙasar, wani kwamitin duba tsarin mulki ya ba da shawarar ta tun 1998, wata gwamnati ta baya ma ta yi alkawarin tambayar jama'a ba ta yi ba, to amma daɗewar magana ba ta zama yardar mutane. Jam'iyyar Mottley ta lashe kujeru 30 cikin 30 a zaɓen 2018, jagoran adawar ma daga cikinta ya ɓalle, kuma da ta kira sabon zaɓe a ƙarshen Disambar 2021 ta sake cinye duka 30 a watan Janairu. Majalisa irin wannan tana iya yin daidai, amma babu mai ja mata birki idan ta kauce. Mu ma haka muka yi a 1963: majalisa ce ta mayar da Najeriya jamhuriya ranar 1 ga Oktoba, Dakta Nnamdi Azikiwe ya tashi daga gwamna janar ya koma shugaban ƙasa, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana firaminista, ba a tambayi manomin Mashi ko na Ɓatagarawa ba. Mun riga su da shekara 58, amma ba a yi shekara uku ba sojoji suka kifar da jamhuriyar, su kuwa tun 1966 ba a taɓa yin juyin mulki a tsibirinsu ba. Sauya suna a takarda bai tsare mu daga komai ba, kuma ban ɗauka shi kaɗai zai tsare su ba.

Yawancin abin da ya iso wayoyinmu daga wannan dare hoton mawaƙiya Rihanna ne, wadda aka naɗa jarumar ƙasa ta goma sha ɗaya. Na ji matasa suna ta muhawara a kai, wasu na yabo, wasu na cewa ina mawaƙiya ina wannan matsayi. Ni kaina da an tambaye ni da na ce a jira, domin irin wannan girma ya fi dacewa da wanda aka ga ƙarshen aikinsa. Amma abin da muhawarar ta rufe shi ne jerin da aka saka ta a ciki. A 1998 ƙasar ta zauna ta fitar da sunayen mutum goma, a cikinsu akwai Bussa, bawan da aka haifa a Afirka wanda ya jagoranci tawayen 1816 aka kashe shi a fagen daga, akwai Errol Barrow, akwai 'yan ƙwadago, akwai ɗan wasan kurket Garfield Sobers. Dandalin da aka yi bikin ma a da sunansa Trafalgar, da gunkin jarumin ruwan Ingila Nelson a tsakiyarsa tun 1813, sai a Nuwambar 2020 suka sauke shi, kuma ba su farfasa shi ba, gidan tarihi suka kai shi. Wato ƙasar ta daɗe tana tambayar kanta wa za ta tuna, a ina za ta ajiye shi, kuma wane ne zai faɗa wa yara labarinsa.

Abin da ya fi taɓa ni a duk shekarar bai samu shiga labarai sosai ba. Kwanaki kaɗan bayan bikin, a farkon Disamba, gwamnati ta sanar da shirin gina wurin tunawa da cibiyar bincike kusa da maƙabartar bayi ta Newton, inda aka binne kimanin mutum 570, maza da mata da yara, a gefen gonar raken da suka yi wa bauta, ba tare da dutse ko suna a kan kabari ba. Cikin shirin har da ɗaukar hoton takardun ma'ajiyar tarihin ƙasa a adana su a kwamfuta: littattafan gonaki, wasiyyoyin iyayengiji inda ake rabon mutane tare da shanu, takardun ciniki da na 'yantarwa. Ƙasa mai bashi a wuya, wadda rufin gidajenta bai gama komawa ba, ta ga cewa wannan aiki ba ya jira. Kuma lokaci ya gaskata ta ta hanya mai ciwo, domin a watan Yuni na 2024 gobara ta tashi a wani sashe na ma'ajiyar, ta cinye takardun da ba za a sake samun irinsu ba.

A nan ne zancen ya dawo gida. Muna da saurin jin tausayin bayin da aka tsallaka da su teku, kuma ya kamata mu ji, har da Hausawa a cikin waɗanda aka kai Bahia ta ƙasar Brazil, inda suka yi tawaye a farkon ƙarni na 19. Amma ƙasar Hausa ma ta yi bauta. Kalmomin suna nan a bakinmu: rinji, murgu, fansa, bacucane, kuyanga, ƙwarƙwara. Akwai garuruwa da unguwannin da sunansu kaɗai ya isa shaida. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa bayan watan Maris na shekarar ɗa ne, ba bawa ba, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936, wato kakannin wasunmu sun gan ta da idonsu. A duk shekarun da na yi a aji, ban taɓa samun littafin da zan miƙa wa ɗalibi ya karanta wannan babi da harshensa ba, kuma idan na tayar da zancen sai ajin ya yi tsit, domin kowa ya san ana tono asali ranar neman aure. Na fahimci kunyar, kuma ba ina kira a tona asirin kowane gida ba ne. Sai dai shirun bai goge komai ba, ya bar abin yana aiki a ɓoye, inda babu malamin da zai gyara shi da ilimi ko da hukuncin addini a kan daidaiton 'yan Adam.

Ba bauta kaɗai ba. Garin da ke da hasumiyar Gobarau, da kwalejin da ta yaye shugabannin Arewa na farko, da maƙwabciya irin Daura mai rijiyar Kusugu, takardunsa na gaske suna cikin gafaka da adaka a zaurukan malamai: wasiƙun fatake, hukunce-hukuncen alƙalai, waƙoƙin ajami, lissafin gado, sunayen malamai da waɗanda suka karantar da su. Ina faɗin haka da ciwo a zuciya, domin a gidanmu akwai irin wannan adaka ta kakanmu. Shekara da shekaru ina cewa zan zauna in jera abin da ke ciki in ɗauki hotonsa idan na huta. Daminar da ta wuce soron ya yi yoyo ba mu lura ba, da na buɗe sai na tarar ruwa ya manne rabin takardun, gara ta cinye na ƙasa, tawadar wasu ta narke har ba a gane bismilla. A cikin waɗanda suka tsira akwai wasiƙar da wani ya aiko daga Agadas a kan bashin fatu, da wata takarda da ke shaida 'yantar da wata mata, da sunanta da sunayen shaidu uku. Ban san nawa irinta suka tafi ba. Babu ɗan bindigar da ya shigo gidanmu, babu gwamnatin da ta hana ni, jiran sarari ne kawai. Ga shi kuma an yi shekaru da cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi, don haka akwai samarin da suka girma ba su san darajar abin da ke cikin adakar gidansu ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. Na farko, idan labarin ƙananan ƙasashe irin wannan ya zo, a ba mu shi da jikinsa, kada a tsaya a kan hoton da ya fi jan ido, domin a ƙaramar ƙasa ne mutum yake iya ganin yadda bashi da annoba da majalisa da al'ada suke cuɗanya cikin shekara guda. Na biyu, ka ware mana ko da rabin shafi ne a wata, inda masu karatu za su aiko da hoton tsohuwar takarda guda daga gidansu, a buga ta tare da karatunta da boko, bayan an nemi izinin masu ita, an kuma sakaya sunan da zai iya ɓata wa wani rai. Wayar da ke aljihun kowane saurayi ta isa ɗaukar hoton, kuma a Katsina da Daura har yanzu akwai dattawan da ke karanta tsohon rubutun ajami ba tare da gargada ba, amma kullum raguwa suke yi. Idan ka amince, ni zan fara aiko da wasiƙar Agadas, na riga na kai ta wurin wani dattijon malami a unguwarmu ya karanta mini ita sau biyu na rubuta.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Na gode.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.